Rajistar tattara tsofaffin littattafan wasan kwaikwayo da takardun dandali

4 ga Janairu 2025

Kafin a sayi ko falle ɗaya an tsayar da iyaka, domin mai cewa zai tara duk abin da ya shafi wasan kwaikwayo ɗaki ne zai cika masa bai san abin da ya mallaka ba. Abin da za a nema shi ne kundayen da suka haɗa wasanni da yawa a littafi guda, da bugun 'yan wasa tare da rubutun gwaji na tafireta, sai takardun ranar wasa, wato takardar shiri (wadda ake ba masu kallo, mai ɗauke da sunayen 'yan wasa) da tikiti da hotuna. Zamani kuwa daga 1930 zuwa 1980. An raba kasafin gida biyu, rabi na saye, rabi na kayan adanawa. Masu farawa sukan zuba duka a saye, sannan su jibge kayan a kwalin da zai cinye su.

Abin da ke hannu yau: kundi 23, bugun 'yan wasa 31, takardar shiri 9. Jimla 63.

7 ga Janairu

An buɗe jadawali a kwamfuta. Kowane abu yana da lambar shiga, shekara sannan lambar jeri: 2025.001, 2025.002, haka har ƙarshe. Da fensir mai laushi, 2B, ake rubuta lambar, a cikin bangon baya ta ƙasa. Ban da biro, ban da hatimi, ban da takarda mai gam. Ginshiƙan jadawalin: suna, marubuci, maɗaba'a, shekara, yawan shafi, tsawo da faɗi a santimita, halin da yake ciki, inda aka samo, sai ginshiƙi na ƙarshe mai suna "hannun wa ya taɓa", inda ake shigar da duk wani sa-hannu ko rubutun gefe.

11 ga Janairu

An shigar da 40. Saura 23.

15 ga Janairu

Kundayen sun fito da matsalar da jadawalin bai tanada ba. Layi ɗaya ga littafi ɗaya ba ya isar littafin da ke ɗauke da wasa takwas, domin in aka tashi neman wani wasa ba sunan kundin ake tunawa ba. An ƙara jadawali na biyu inda kowane wasa yake da layinsa da lambar kundin da yake ciki. Kundi 23 sun ba da layi 164, kuma nan take ya bayyana cewa akwai wasanni 19 da suka maimaitu.

Maimaicin ba asara ba ne. An ɗauki wasa guda da yake a wurare uku aka jera su a tebur. A kundin da aka yi wa 'yan makaranta an datse fitowa biyu daga kashi na biyu, kuma ba a faɗi haka a bango ba, sai a ɗan rubutu ƙanana a bayan shafin suna. A bugun karatu maganganun sun cika, amma bayanin motsi kaɗan ne. A bugun 'yan wasa kuwa kusan kowane layi yana da umarni: ya tashi, ta nufi taga, ya ajiye kofi. Irin wannan bugu, wanda kamfanonin buga wasanni Samuel French da Dramatists Play Service suka shahara da shi, sau da yawa daga littafin manajan dandali (mai tafiyar da wasan daga bayan fage) na nunin farko ake kwaso umarnin, ba daga alƙalamin marubucin ba. Shi ya sa a ƙarshensa ake samun jerin kayan wasa, da tsarin fitilu, da zanen shimfiɗar dandali. An ƙara ginshiƙi: cikakke ne, datsattse ne, ko na 'yan wasa.

22 ga Janairu

An yi cinikin kwali guda ta intanet, kayan wata ƙungiyar 'yan wasa na sa-kai da ta watse. Hoto huɗu kawai mai sayarwa ya saka, duka daga sama. Kuɗin aikowa ya ɗara kuɗin kayan, saboda takarda nauyi gare ta. Da wannan kaso biyu cikin uku na kasafin saye ya tafi.

3 ga Fabrairu

Kwali ya iso. Ba a shiga da shi ɗakin littattafai ba, kuma gara da aka yi haka. Tun kafin a yanka salatif ɗin warin ruma ya fito. A waje aka buɗe, a kan farar takarda mai faɗi don a ga abin da zai zubo, da takunkumi a fuska. Ƙirga: bugun 'yan wasa 28, kundi 11, rubutun gwaji 6, takardar shiri 22, hotuna 5, zanen dandali mai shuɗin bugu 1, da littafin manajan dandali 1. Jimla 74, ban da ambulan cike da yankan jaridu.

Ɓarna iri biyu ce. Ƙwaron nan mai sulɓi, mai launin azurfa, uku suka fito da gudu daga gindin kwalin. Ba huda littafi yake yi ba, kankare fuskar takarda yake, yana bin sitaci da gam, shi ya sa bangon littattafai bakwai ya yi kamar an goge shi da yashi. Sai fumfuna a littattafai tara da suka kwana a ƙasan kwalin, fara-fara a wasu, baƙa a guda biyu. An ware taran nan daban. Kwalin kansa an jefar.

4 ga Fabrairu

An shirya daskarewa don kashe ƙwari da ƙwayayensu. Littafi uku ko huɗu a leda mai zif, a matse iskar ta fita, a rufe, a sake sakawa a leda ta biyu. Firiza tana kan digiri 20 ƙasa da sifili, an tabbatar da ma'aunin zafi na daban, don lambar jikin firiza ba abin dogaro ba ce. Kwana bakwai ne mafi ƙaranci a wannan sanyin, an yanke za a ba su goma. Leda 16 suka shiga. Hotunan ba su shiga ba, an dudduba su da ido an ajiye a keɓe.

Sanyi ba ya kashe fumfuna, tsayar da ita kawai yake. Masu fumfunan an tsayar da su a buɗe kamar fanka a wuri mai iska, ba cikin rana ba, su bushe tukuna.

9 ga Fabrairu

Fumfunar ta bushe ta koma gari. An share ta da buroshi mai laushi zuwa bakin injin zuƙe ƙura mai matatar HEPA (wadda ke tare ƙura mafi ƙanƙanta), an ɗaure bakin da gyalen bandeji don kada ya haɗiye yagaggen shafi. Shafi-shafi, daga tsakiya zuwa gefe. Bakwai sun tsira da tabo kawai. Biyun masu baƙar fumfuna takardarsu ta yi laushi kamar auduga, kuma bugu ne da ake samu ko'ina, babu rubutun kowa a ciki. An ɗauki hoton shafin suna an yar da su. Saura 72.

14 ga Fabrairu

An fitar da ledoji daga firiza, kuma a nan aka yi kuskuren farko. Ƙa'ida ita ce a bar su a rufe awa 24 har su dawo zafin ɗaki, saboda raɓar da za ta taru ta tsaya a bayan leda. An bi wannan a leda 15. Ta goma sha shida, wadda takardun shiri suke ciki, an buɗe ta bayan awa biyu don a duba ko lafiya. Takarda mai sanyi ta haɗu da iska mai ɗumi, ta yi zufa nan take. Da takardar gama-gari ce da ɗan lanƙwasa kawai za ta yi. Amma huɗu daga cikinsu takarda mai sheƙi ce, wadda aka shafe fuskarta da farar laka da abin ɗaurewa, kuma irinta in ta jiƙa ta bushe a haɗe, shafukan mannewa suke kamar an liƙa su da gangan. An yi maza an zura takardar silikon tsakanin shafukan uku tun suna da laima, an danne da gilashi da ɗan nauyi, suka tsira. Ta huɗun ba a lura da ita ba sai washegari. Shafi na 6 da na 7 sun zama ɗaya, kuma daidai nan ne jerin sunayen 'yan wasa yake. An gwada ɗaga kusurwa da siririyar wuƙar ƙarfe marar kaifi, fuskar shafin ta fara ɓallewa, aka tsaya. An rubuta a jadawali yadda abin ya faru da ranar.

16 ga Fabrairu

Shigarwa. 2025.064 zuwa 2025.098.

20 ga Fabrairu

Littafin manajan dandali shi ne ya sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. An yayyaga bugun 'yan wasa guda biyu, aka liƙa kowane shafi a tsakiyar babban falle, don a samu fili a gefe. Dole sai kwafi biyu, tunda kowane falle yana da gaba da baya. Falle 58 ne cikin fayil mai zobe. A hagu motsin 'yan wasa da fensir, da gajerun alamomi: X na nufin ya tsallaka, DSL na nufin gaban dandali ta hagun ɗan wasa, ba hagun mai kallo ba. A dama kuma lokutan fitila da sauti, da jan fensir da shuɗi, kowanne da lamba, da gargaɗin shiri kamar rabin shafi kafin lokacin. A fallen ƙarshe an rubuta tsawon kowane kashi a darare biyar, kuma kashi na biyu ya ragu da minti shida tsakanin daren farko da na ƙarshe.

Mai neman littafi tsaf zai ga wannan ya ce datti ne. A nan an yanke hukunci ɗaya ga dukan tarin: ba za a goge rubutun fensir ko ɗaya ba, ko da a bugun da aka buga dubbai. Bugun kansa akwai shi a hannun mutane da yawa, amma layin da wata 'yar wasa ta ja a ƙarƙashin maganganunta, da inda ta rubuta "numfasa", babu shi ko'ina sai nan. Daga cikin bugun 'yan wasa 26 da suka rage na kwalin, 17 suna da irin wannan rubutu, kuma shida na wasa ɗaya ne da littafin manajan, kowanne da sunan rawar da mai shi ya taka a bango. An haɗa bakwai ɗin a wuri guda, an ba su alamar rukuni a jadawali don kada wata rana a raba su.

Zoben fayil ɗin ya yi tsatsa. An cire fallayen a jere, an sa musu lamba da fensir a baya, an ajiye fayil ɗin daban da lamba iri ɗaya.

23 ga Fabrairu

Kayan adanawa sun iso: akwatin kwali marar asid 6, fayil na takarda 100, aljihun foliyesta 50, takardar Japan siririya, sitacin alkama, da ma'aunin danshi. Akwatunan kaɗai sun ci kusan rabin kasafin wannan ɓangare. Ledar PVC ta kantin kayan ofis ta fi araha nesa, amma man da ke sa ta laushi yana tsattsafowa, yana ɗauke tawada daga takarda. Ba ta shiga nan ba.

Foliyesta ma ba ga komai ba. Tana tara lantarkin gogayya, tana jan garin fensir daga shafi. Saboda haka fallayen littafin manajan fayil na takarda suka shiga, goma-goma. Aljihunan na takardun shiri ne da tikiti. Zanen dandali mai shuɗin bugu kuma fayil marar alli aka ba shi, domin yawancin takardun adanawa ana sa musu alli don ya sha asid, shi kuwa shuɗin bugu alli yana kashe masa launi.

27 ga Fabrairu

Cire ƙarfen sitefila daga takardun shiri 14 da tsatsa ta kama. A buɗe tsakiya, a zura siririyar wuƙa ƙarƙashin ƙafa, a miƙe ƙafafun biyu, a juya a zare daga baya. Ban da abin cire sitefila na ofis, yana yaga. An ɗinke takwas da zaren lilin ta ramukan da suke nan. Shida ramukansu sun ruɓe, an bar su a sake cikin aljihu.

2 ga Maris

Kuskure na biyu, kuma ya fi na farko ciwo. Rubutun gwaji shida iri uku ne. Biyu kwafin kabon ne a siririyar takarda. Uku na sitansil ne, irin na injin Gestetner, baƙar tawada mai ɗan kauri a takarda mai shan ruwa. Ɗaya kuwa rubutunsa shunayya ne, na injin da ke aiki da sifirit. A wannan injin ba tawada ake zubawa ba, rini ne a jikin uwar takarda, sifirit yana narkar da kaɗan ya manna a kowane falle, shi ya sa kwafin ƙarshe-ƙarshe suke fitowa a dushe.

Bangon wannan na shunayya, wanda na kwali ne, yana da ɗigon fumfuna, aka goge shi da auduga mai ɗan sifirit. Ba a zare ƙusoshin tagulla an ware bangon ba tukuna, kuma ba a sa komai tsakaninsa da shafin farko ba. Sifirit ya ratsa ta ramin ƙusa. Abin da ya buga rubutun shi ne ya narkar da shi: layi huɗu na jerin 'yan wasa sun zama tabo shunayya mai faɗin babban yatsa. Garin neman gira an taɓa ido. Ana iya karanta biyu da ƙyar, biyu sun tafi, kuma ba a riga an ɗauki hoton shafin ba.

Daga yau tsarin aiki ya sauya: hoto kafin a taɓa komai, a ware bango kafin a sa masa wani abu mai ruwa, sannan a gwada kowace tawada a kusurwa. Wannan rini haske ma yana cinye shi, don haka an sikana dukan shafi 71 a ɗigo 400 kowane inci, mai launi, aka rufe asalin a akwati.

5 ga Maris

Sikana. Littafin manajan, falle 1 zuwa 30.

9 ga Maris

Gano shekaru. Takardun shiri da yawa suna faɗin rana da wata amma ba shekara, tunda wanda ya je kallo ya san shekarar da yake ciki. Goma sha ɗaya cikin 31 haka suke. Littattafai sun fi sauƙi. Lambar shaidar littafi ta ISBN mai lamba goma ta fara ne a 1970, mai goma sha uku kuma a 2007. Farashin Ingila da sule da kwabo yana nuna kafin 15 ga Fabrairu 1971, ranar da suka koma lissafin goma-goma, in kuwa an buga farashi biyu gefe da gefe to dab da sauyin ne. Adireshin Amurka mai lambar gidan waya biyar bai wuce 1963 a tsufa ba. Sai dai bugun 'yan wasa yana yaudara: shekarar haƙƙin mallaka tana zama yadda take ko an sake bugawa bayan shekara talatin, don haka jerin sababbin wasannin da aka tallata a bangon baya ya fi faɗin gaskiya.

Takarda 2025.112 ta wani gidan wasa a Landan ta ci yini guda. Ta ce Asabar, 14 ga Maris. Tsakanin 1930 da 1971 wannan rana ta faɗo Asabar a 1931, 1936, 1942, 1953, 1959, 1964 da 1970. Lambar tarhon ofishin tikiti da haruffa uku ta fara, tsarin da Landan ta soma bari a 1966. Akwai kuma sanarwar sharuɗɗan Lord Chamberlain, ofishin da yake tace wasanni tun dokar 1737 har dokar 1968 ta karɓe masa wannan iko. Da haka 1970 ta fita. Babu gargaɗin harin jiragen sama, takardar kuma mai kauri ce mai shafi 16, ba irin ƙanƙanar lokacin yaƙi ba, 1942 ta fita. Sai wata talla a shafi na 11 ta faifan sitiriyo, wanda bai shiga kasuwa ba sai 1958. Saura 1959 da 1964. An rubuta duka biyun da alamar tambaya.

12 ga Maris

Ma'aunin danshi ya nuna 68 cikin ɗari kwana uku a jere. Daga 65 zuwa sama fumfuna tana iya farfaɗowa, abin da ake so shi ne tsakanin 35 da 50. An janye kantar daga bangon waje da tazarar santimita 10, an ɗaga akwatin ƙasa daga daɓe, an saka ƙwayoyin silika a cikin kabad. Ya sauka zuwa 57. Bai isa ba. Na'urar tsotse danshi ta shiga jerin sayayya, kuma hakan na nufin ba sayen littafi a watan Afrilu.

16 ga Maris

Gyaran yaga a takardun shiri biyar. Sitacin alkama kashi ɗaya, ruwa kashi biyar, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa kamar minti 20 har ya yi sheƙi, a bari ya huce, a tace, a sirka. Takardar Japan ba a yanka ta da almakashi, layin ruwa ake ja a yage, don gashin gefen ya kama. A shafa kaɗan, a ɗora ta baya, a danne da takardar shan ruwa da nauyi. Na farko ya lanƙwashe saboda ƙullun ya cika ruwa. Sauran huɗun sun yi daidai.

Tsohon salatif da ke jikin kundi uku an bar shi. Ledar ta ɓalle da kanta, gam ɗin ya nutse cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa, kuma fitar da shi sai da sinadarai, aikin ƙwararre ne. Haka kundi biyu masu bangon takarda da gam ɗin gadon bayansu ya bushe, shafuka suna zubowa: an ɗaure su da tef ɗin auduga an sa a fayil.

19 ga Maris

Yankan jaridu 43. Takardar jarida niƙaƙƙen itace ce da ba a cire mata sinadarin itace mai suna lignin ba, ita ce ke sa ta yin ja da karyewa, kuma tana shafa wa maƙwabta. Biyu da aka samu a cikin littafi sun bar inuwarsu a shafi. An yi musu kwafi a takarda marar asid, an bar kwafin a inda aka tsinci na asali tare da lambar shafin, na asalin suka koma fayil nasu.

24 ga Maris

2025.112 ta warware. Kundin J. P. Wearing na wasannin dandalin Landan ya tsaya ne a 1959, kuma nunin yana ciki, gidan wasa ɗaya, 'yan wasa ɗaya. An goge alamar tambaya a jadawali, an bar 1959. Saura goma marasa shekara, huɗu daga ciki na ƙungiyar sa-kai ne waɗanda ba za a same su a irin wannan kundi ba, sai dai a gwada su da ranakun da ke jikin yankan jaridun.

Tarko mai gam da aka ajiye a kusurwoyin kabad tun 14 ga Fabrairu bai kama komai ba.

29 ga Maris

An shigar da 135 duka. An sikana littafin manajan har falle 58 da bugun 'yan wasa biyu cikin shida na rukuninsa. Danshi 55. Na gaba: sauran huɗun, sannan a jera motsin da kowane ɗan wasa ya rubuta kusa da na manajan, domin a falle 22 manajan ya ce wata 'yar wasa ta fita ta hagu, ita kuwa a nata kwafin ta rubuta dama ta ja layi biyu a ƙasa.